Fadamar Kaka da Bashin Attajira

Rafin Gora, 9 ga Oktoba

Zuwa ga ƙanena Abduljalil,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya zafin Jidda? Mu nan lafiya lau muke. Maigida, Baban Rahma, ya warke daga zazzaɓin da ya kwantar da shi, yana gaishe ka. Har yau ba a dawo mana da layin waya ba, shi ya sa na ba Hajiya Luba wannan takarda, jibi za ta tashi umara.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ka san layin dogon da ake ta magana tun kana gida? To, ya iso bayan gari. Wata ƙasar waje ce ta ba gwamnati rance, kamfaninta ke aikin. Sun kafa allo a bakin hanya da hoton wani shuɗin tsuntsu. Duk mai tifa a yankin nan ya samu aikin jigilar tsakuwa, har mai gyaran keke ya saya, yanzu a mota yake zuwa masallaci.

Ni da Baban Rahma mun yi shawara mu sayar da fadamar Kaka mu sayi tifa. Alhaji Mamuda mai taki yana so. Ka san fadamar nan tamu ce ni da kai, tunda mahaifina da naka duk sun riga mu gidan gaskiya. Dagaci ya ce ba zai sa hannu ba sai ya ji ta bakinka a rubuce. Shekara ashirin ina koyarwa a firamare, na gaji da jiran albasa ta yi daraja. Ka rubuto amsa ka ba Hajiya in za ta dawo. Kada ka ja dogon zance kamar yadda ka saba.

Yayarka,
Sadiyya

*

Balad, Jidda, 2 ga Nuwamba

Zuwa ga Yaya Sadiyya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, na yi murna da sauƙin Baban Rahma. Ni ma lafiya, sai kafaɗa da ke ɗan motsawa. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san a aji huɗu na tsaya.

Yaya, ban taɓa ba ki labarin aikina sosai ba. A tashar jiragen ruwa mu ne masu ɗauri. In an jera kwantenoni a kan jirgi, mu ke hawa mu ɗaure su da sandunan ƙarfe, wannan da wancan, don kada teku ta watsar da su. Shekara shida ina yi. Abin da na koya shi ne, jirgi ba ya ƙarya. Cikinsa ja ne, samansa baƙi. In ya ɗauko kaya sosai, jan yana nutsewa a ruwa. Tun bayan babbar salla jiragen ƙasar nan da ta ba ku rance suke shigowa da jan cikinsu a waje, kamar wanda ya tattare wando zai tsallake rafi. Ba zan rubuta sunan ƙasar ba, ni baƙo ne mai iƙama, wato takardar izinin zama, takarda kuma hannu da yawa take ratsawa. Mu ce mata Attajira.

Sai wani abu. A bayan rumbun ajiya na bakwai akwai ƙarafan dogo da manyan akwatuna, an sauke su nan don a sake loda su zuwa wajenku. Kowanne da shuɗin tsuntsu a jiki. Wata huɗu ke nan ba wanda ya zo kansu. Iskar teku ta fara cin ƙarafan. Na tambayi Abdulelah, malamin da ke rubuta shigar kaya da fitarsu. Haifaffen unguwar Ruwais ne a nan Jidda, kakansa Bahaushe ne da ya zo hajji a ƙafa bai koma ba. Yana jin Hausa, amma in zai yi ta sai ta riƙa tuntuɓe. Ya ce mini, “Banki bai saki ba, ya akhi. Babu fulus, babu tafiya.”

Na tuna wata rana ina bin Kaka ban ruwa, ya nuna mini wata garma da aka yar, ya ce ƙarfe tsatsa yake yi, ƙasa kuwa ba ta tsatsa.

Game da maganarki, ke ce babba, ni ba ni da ta cewa a gabanki. Allah ya zaɓa mana mafi alheri. Ga dabino nan da man zafi na Baban Rahma.

Ƙaninki,
Abduljalil

*

Rafin Gora, 27 ga Nuwamba

Abduljalil,

Gaisuwa da fatan alheri. Dabino ya iso, mun gode, Rahma ta cinye rabi kafin a raba wa maƙwabta. Ka riƙa shafa wa kafaɗar nan man kaɗanya.

Allah ya yi maka albarka da ka bar mini zaɓi. Na san ba za ka ba ni kunya ba. Labarin jirginka mai tattare wando ya ba mu dariya, kai dai tun kana yaro ba ka gajiya da kallon abin da ba ruwanka. Na yi murna da ka ga kayan kamfaninmu da idonka, ashe da gaske manya ne.

An sa rana. Juma'ar farko ta Janairu za a taru a zauren Dagaci da shaidu. Baban Rahma har ya je Kano ya ga tifar, ruwan ɗorawa ce. In ka zo hutu a ciki za mu ɗauko ka daga tasha.

Yayarka,
Sadiyya

*

Jidda, 21 ga Disamba

Yaya Sadiyya,

Ina gaishe ki da kowa. Lafiyata ƙalau. Takardarki jiya ta iso hannuna, wanda ya ɗauko ta Madina ya fara zuwa.

Yaya, ban bar miki zaɓi ba. Kunya ce ta hana ni faɗa kai tsaye, na ɗauka za ki gane. Ki gafarce ni, yau zan cire ta. Ban yarda a sayar da fadama ba. A'a. Don Allah ki kai wa Dagaci wannan.

Bari in gaya miki abin da ke faruwa. Ranar Lahadi muna shan shayi a bakin ƙofar tasha, Abdulelah ya nuna mini wayarsa. Yana ɗan sayen hannun jari, duk lambobin sun koma ja, alamar faɗuwa. Na ce, “Kai da ka sayi na kamfanin madara, me ya haɗa ka da Attajira?” Ya ce, “Yalla, zauna in koya maka, kai mai ɗauri ne, za ka fahimta.”

Ga yadda na gane. Attajira ta ba ƙasashe da yawa rance, wannan ya gina tasha, wancan dogo, wancan madatsar ruwa. Ba wanda ya san jimillar, don yawancin yarjejeniyar a rufe aka yi ta. In wata ƙasa ta kasa biya, sai ta ƙara mata sabon rance ta biya tsohon, a takarda komai lafiya. Yanzu uku sun kasa a lokaci ɗaya. Kuɗin nan kuma daga bankunanta ya fito, bankunan kuma suna da hulɗa da bankunan duniya. In ta matsu, za ta kwaso takardun bashin manyan ƙasashe da ta ajiye ta zuba a kasuwa gaba ɗaya, farashinsu ya karye. Kowa na tsoron wannan rana, don haka kowa na rige-rigen sayar da nasa kafin ta zo. Har mai madara.

Na ce masa, ai wannan na sani. A jirgi ba ƙaramar kwantena muke tsoro ba. Babbar da ke tsakiya, wadda aka ɗaure kowa a jikinta, ita ce abin tsoro. In ta goce, sandunan da aka sa don tsaro su ne za su ja sauran zuwa teku. Ya ce, “Halas, ka gama jami'a.”

Shekaranjiya ni da hannuna na ɗaure akwatunan shuɗin tsuntsu a jirgi. Ba wajenku jirgin ya nufa ba, Yaya. Gabas ya koma, inda suka fito. Wanda zai ci gaba da gina dogo ba ya mayar da ƙarfensa gida.

Ban sami mai tafiya ba, na sa takardar nan cikin kayan kargo na wani mutumin Gusau, ya rantse kwana goma za ta iso. Allah ya sa ta riga Juma'ar.

Ƙaninki,
Abduljalil

*

Jidda, 10 ga Fabrairu

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ina lafiya. An rage mana kwanakin aiki, amma kafilina, ubangidan da ya tsaya mini, ya sabunta iƙama, alhamdu lillahi.

Mako bakwai ban ji daga gare ki ba. Mutumin Gusau ya ce kayansa ma ba su isa ba, suna tsare a wani wuri. Ke nan takardata ba ta riga Juma'ar ba. Na san an gama.

Ba laifinki ba ne. Ke tambaya kika yi, ni kuma na ba ki labarin jirgi. In an sayi tifar, kada Baban Rahma ya dogara da kamfanin nan kaɗai, ya nemi masu gini a birni. Abu ɗaya nake roƙo. Ki roƙi Alhaji Mamuda kada ya sare giginyar da ke bakin rijiya, Kaka ne ya shuka ta ranar sunan mahaifina.

Ko layi biyu ne ki rubuto.

Abduljalil

*

Rafin Gora, 14 ga Maris

Ƙanena Abduljalil,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, kowa na gaishe ka. Zauna kafin ka ci gaba da karatu, sannan ka saki ranka. Fadama tana nan. Ba a sayar ba. Giginyarka ma tana tsaye, jiya na sha inuwarta.

Takardunka biyu tare suka iso ranar Talata, ta kargon tana ƙamshin turaren wuta. Na karanta ta biyun a tsaye, sai ga ni ina share hawaye a gaban 'yan aji uku. Kana can kana makokin gonar da muke nan muna cire albasa a cikinta! Laifina ne da na yi shiru. Fushi nake yi da kai, bari ka ji dalili.

Ranar Juma'ar mun taru a zaure. Alhaji Mamuda da shaidunsa, Baban Rahma cikin babbar riga kamar ango. Na miƙa takardarka ta farko, na nuna wa magatakarda layin ƙarshe, na ce ga yardarsa nan. Dagaci ya ce shi a zaurensa ba a karanta wutsiyar takarda a bar kai, tun zamanin mahaifinsa in maganar ƙasa ce daga sallama ake farawa. Ka san idonsa ya yi rauni, sai ya jingina ya rufe su. Aka karanto jirgi, aka karanto tsuntsu, mutane na ta murmushi. Da aka zo kan garmar Kaka sai ya ɗaga hannu.

Ya ce, “Sadiyya, ke ce malamar makaranta?”

Na ce, “Ni ce, ranka ya daɗe.”

Ya ce, “To yaron nan sau uku ya ce miki a'a, ba ki ji ko ɗaya ba.”

Na ce ai ga shi ya rubuta ni ce babba. Ya ce, “Da me kike so ya rubuta, ke ce ƙarama? Jikan Malam Tanko ne fa. Kakanku har ya bar duniya bai taɓa ce wa mutum a'a ba. In ka je aron jakinsa, sai ya shimfiɗa maka tabarma ya ba ka labarin ciwon bayan jakin, har ka tashi da kanka kana yi wa jaki addu'a.” Zaure ya kwashe da dariya, har Alhaji Mamuda. Dagaci ya ce ba zai sa hannu ba sai ka rubuto kalmar “na yarda” ƙarara.

Na fito kamar in nutse. Baban Rahma ya yi mako guda ba ya cin tuwona sai na gidan ƙanwarsa. Na ɗauki biro sau uku zan rubuto maka, abin da ke fitowa bai dace a ba mai zuwa umara ya ɗauka ba. Na ce bari in huce.

Kafin in huce, aiki ya tsaya. Ƙarshen Janairu aka wayi gari an kulle sansanin kamfani, sai masu gadi. Aka ce wata biyu ne, yanzu an daina cewa komai. Tifofi goma sha ɗaya ke jere a bakin kasuwa, awaki na kwana a ƙarƙashinsu. Mai gyaran keke ya koma kan kekunansa, kuma shi gonarsa ta tafi a kuɗin tifa. Ba na iya haɗa ido da matarsa, tare muka yi ta lissafin arziki a gidan suna.

Bayaninka na babbar kwantena na karanta wa Baban Rahma. Ya ce shi dai a iya saninsa mai cin bashi ke shiga uku, bai taɓa jin mai bayarwa ya ja gari ya faɗi ba. Na ce ya tuna shekarar da uwar adashin unguwarmu ta karye, har mahauci sai da ya rage yanka, alhali ba ya zubi. Sai ya ce, “Yaron nan a aji nawa kika ce ya tsaya?” Washegari tun da sassafe ya ɗauki injin ban ruwa ya nufi fadama, ba wanda ya aike shi.

Albasa ba ta yi wata daraja ba bana ma, kada ka ɗauka mun yi arziki. Amma tamu ce. Ga guda uku nan na ƙulle a leda cikin kayan Hajiya Luba, ta koma umarar azumi. Ban wanke su ba.

Ka yafe mini dariyar da na yi wa jirginka. Amma kai ma ka ji, ni ba Dagaci ba ce. Nan gaba in za ka hana ni abu, ka hana ni da Hausar da ake koyarwa a firamare.

Yayarka,
Sadiyya

*

Balad, Jidda, 3 ga Afrilu

Yaya Sadiyya,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina lafiya, kafaɗa ta saki, ban sani ba ko man kaɗanya ne ko takardarki. Ki gaishe da Baban Rahma, ki ce ina yi masa sannu da ban ruwa. Ki durƙusa ki gaishe mini da Dagaci, Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana.

A masaukin Hajiya na karɓi takardar, ban iya jira na koma ɗaki ba. A bakin wani shagon turare na buɗe. Da na kai “ba a sayar ba” sai na zauna a dakalin mutane. Mai shagon ya fito yana tambaya ko rasuwa aka yi mini. Na ce a'a, gona ce ta dawo. Bai gane ba, amma ya ce mabruk.

Babu abin yafewa tsakaninmu. Mai gyaran keke ne ya tsaya mini a rai. In kin ga hali, a ba shi gefen rijiya ya shuka wani abu bana, daga rabona. Kin ga, wannan ban kewaya ba.

Nan ma an ɗan sarara. Abdulelah ya ce Attajira ta zauna da ƙasashen nan da take bi bashi, an ƙara musu lokaci, ba ta zubar da takardun ba. Wayarsa ta fara yin kore, har ya daina zagin kamfanin madara. Jirage biyu na gani makon nan jan cikinsu ya nutse. Na ce masa kada ya yi saurin murna, ƙara wa sanda ƙarfi aka yi, ba a sauke kayan ba. Ya ce ni matsalata ba na iya jin daɗi. Ƙarya yake yi, Yaya. Mako biyu ke nan ina tafiya kamar an sauke mini buhu.

Albasa ta iso. Da shan ruwa muka yanka biyu a kan ful, dafaffen waken nan nasu, mu shida 'yan ɗauri da Abdulelah. Kafin a yanka ya karɓi ɗaya, ya kankare ƙasar da ke jikin saiwar da farce, ya shinshina. Sannan ya ce, “Wannan turab na ƙasar kakana?” Na ce ba garinsu ɗaya ba, amma ruwa ɗaya ke dukansu. Ya naɗe ta a takarda ya sa a aljihu, wai zai kai wa mahaifiyarsa. Ba wanda ya yi masa dariya.

Ta ukun ta yi tsiro a hanya, zafin jaka ya tashe ta. Ban iya yanka ta ba. Na samo gwangwanin fenti na huda gindinsa, na zuba ƙasa, na karkaɗe sauran ta cikin ledarki a kai, na ɗora a tagar ɗakinmu. Kullum kafin in tafi tasha sai na ba ta rabin kofi. Ganye huɗu gare ta yau.

Don haka ki shaida wa Dagaci, yanzu ina da fadama biyu, ɗaya a Rafin Gora, ɗaya a Balad. In Alhaji Mamuda ya tambaya, ta tagar ma ba ta sayarwa ba ce.

Ƙaninki,
Abduljalil